Kubwa da Karsana: yadda ake tsara sabbin unguwanni a kewayen Abuja

Kubwa gari ne a Ƙaramar Hukumar Bwari, arewa maso yammacin tsakiyar Abuja, kuma yana daga cikin garuruwan kewaye mafi yawan jama'a a Babban Birnin Tarayya. Asalinsa ƙauyen Gbagyi ne. Bayan da Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976 ta ƙirƙiro babban birnin, aka kuma kammala babban tsarinsa a 1979, sai aka ware Kubwa domin tsugunar da wasu daga cikin mutanen da ginin birnin ya ci ƙauyukansu. Ba a yi tunanin zai zama abin da ya zama a yau ba.

Lamarin ya sauya ne lokacin da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Ma'aikata suka kwararo daga Legas, gidajen Garki da Wuse suka yi kaɗan, haya kuma ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Aka gina wa ma'aikata rukunin gidaje a Kubwa, Hukumar Gidaje ta Tarayya ita ma ta gina nata, sauran jama'a kuwa suka riƙa sayen filaye a gefe suna gini yadda ya sawwaƙa. Gidaje suka riga magudanar ruwa, suka riga kasuwa, suka riga ma'aikatu. Sakamakon shi ne garin da akasarin mazaunansa ke kwana kawai: da asuba su hau babbar hanya zuwa cikin gari, da almuru su dawo. An faɗaɗa hanyar zuwa layi goma, an kuma sami tashar jirgin ƙasa a Kubwa tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, amma cunkoson safiya bai gushe ba, domin wuraren aikin suna nan inda suke.

Wannan ne ya sa masana tsara birane ke yawan kiran a rungumi tsarin haɗa mazauni da sana'a a wuri guda. Ma'anarsa ita ce tun a kan takarda a ware tituna inda bene zai kasance ƙasansa kantuna ne ko ofisoshi, samansa gidajen kwana, a kuma sanya makaranta, asibiti, kasuwa, masallaci da coci a tazarar da ƙafa za ta iya ci. Wanda ya san tsohon birnin Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da maɗinki da baduku sun daɗe suna aiki a zauren gidajensu. Bambancin kawai shi ne a sabon gari sai an tanadi faɗin titi, wurin ajiye motoci, ruwa da wutar da za su ɗauki nauyin kasuwancin tun kafin ya zo.

Idan ba a yi tanadin ba, kasuwancin zai zo da kansa. Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse 2 an tsara su ne galibi domin gidajen zama, amma yau bankuna, shaguna da gidajen abinci ne suka mamaye su, motoci kuma na tsayawa a kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Haka abin yake a titin Gado Nasko na Kubwa. A bisa doka, wanda zai mayar da gidan zama wurin kasuwanci sai ya nemi izinin sauya amfanin fili, amma sau da yawa shagon kan buɗe kafin takardar ta fito.

Matakan da doka ta shimfiɗa ba su da ruɗani. A jihohi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna; a Abuja kuwa ministan birnin ne ke bayarwa a madadin Gwamnatin Tarayya, kuma takardar shaidar mallaka ta fili mazauni kan kasance ta shekara 99. Daga nan sai zanen unguwa, wanda ke nuna tituna, magudanai da filayen jama'a, sannan Sashen Kula da Gine-gine ya amince da zanen kowane gini. Manyan ayyuka kuma sai an binciki tasirinsu ga muhalli, kamar yadda dokar 1992 ta tanada. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne filayen jama'a da hanyoyin ruwa, domin su ne ba su da mai tsaya musu, su ake fara yankawa a sayar. Ambaliyar da ta shanye gidaje a rukunin Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023 ta nuna abin da kan biyo baya idan gidaje suka matsi hanyar ruwa.

A yanzu hankali ya koma Karsana, gundumar da ke tsakanin Gwarinpa da Kubwa. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin gina gidaje 3,112 a can, ta hanyar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Fa'idar Karsana ita ce ana iya shimfiɗa titi da bututun ruwa kafin jama'a su cika wurin, damar da Kubwa ba ta samu ba. Sai dai yawan gidaje kaɗai ba ya amsa tambayar inda mazauna za su yi aiki, ko kuma wa zai iya saye. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa yana da damar neman rance daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa na kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekarun da suka kai 30. Direba, mai gadi da mai sayar da abinci, waɗanda kowace sabuwar unguwa ke buƙata tun ranar farko, galibi ba sa cikin wannan tsari. Idan ba a ware musu ɗakunan haya masu sauƙi a cikin zanen ba, za su nemi mafaka a Dei-Dei ko Dutsen Alhaji, su ƙaru a kan masu bin babbar hanya kowace safiya.