Dokin Basotho: Yadda Abin Hawan Yaƙi Ya Koma Ɗaukar 'Yan Yawon Buɗe Ido

A wannan makon za mu bar gida mu nufi can ƙuryar kudancin Afirka, kuma a kan doki za mu tafi.

A ƙauyen Malealea da ke ƙasar Lesotho, baƙo yakan biya kuɗi a ɗaura masa sirdi, a haɗa shi da jagora ɗan ƙauyen, a ɗora guzuri da kayan shimfiɗa a kan wani dokin daban, su shige cikin tsaunukan Maloti. Wani yini guda zai yi ya dawo, wani sai ya kwana uku ko fiye. Inda rana ta faɗi musu nan za su yada zango, ko dai a kafa tanti, ko a kama hayar zagayayyen ɗakin dutse mai jinka a ƙauyen da ke kusa, a sauke wa dawaki kaya su yi kiwo. Wanda ya ga hotunan a Facebook zai ɗauka shaƙatawa ce kawai ta masu kuɗi. Amma hanyoyin nan ba don baƙi aka fasa su ba, kuma dokin da ke ɗauke da baƙon jikan mayaƙa ne.

Bari in fara da ƙasar. Afirka ta Kudu ce ta kewaye Lesotho ta kowace kusurwa. Wuri mafi kwari a cikinta yana kan tudun mita 1,400 daga doron teku, wato ya fi garin Jos tudu. Ƙololuwarta, Thabana Ntlenyana, mita 3,482 ce, alhali Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu kamarsa a Nijeriya, mita 2,419 ne. Daga Yuni zuwa Agusta dusar ƙanƙara na rufe duwatsun. Ku riƙe wannan a rai, domin shi ne ya ƙera dokin.

Abin mamakin shi ne, doki baƙo ne a can. Mu nan Tarihin Kano yana maganar dawaki da sulke da lifidi tun ƙarnoni kafin zuwan Turawa, amma kudancin Afirka bai san doki ba sai da Turawan Holan suka kafa zango a Cape a 1652, suka shigo da dawaki daga tsibirin Java. Daga baya aka ƙara da na Farisa da na Ingila. Harshen mutanen ma ya tona asirin: a Sesotho ana ce wa doki pere, linzami kuma tomo, duk aro ne daga bakin Turawan Holan. Kada mu yi musu dariya, domin sirdi da linzami da likkafa da muke taƙama da su, daga Larabci muka samo su. Sau da yawa sunan abu yakan faɗa maka hanyar da ya biyo ya iso.

Wanda ya haɗa al'ummar Basotho shi ne Moshoeshoe, ana furta sunan kamar Mushweshwe. A 1824, lokacin yaƙe-yaƙen da suka tarwatsa ƙabilun yankin, ya kwashi mutanensa daga Butha-Buthe ya hau da su wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai da ake kira Thaba Bosiu, ma'ana dutsen dare. A ƙafa suka je. Ba da jimawa ba wani sabon bala'i ya ɓullo musu: mahara 'yan ƙabilar Kora da Griqua, masu zuwa a kan dawaki riƙe da bindigogi, su kore shanu su ɓace kafin mai mashi ya ɗaga hannu. Wajen 1829 ne Moorosi, shugaban Baphuthi, ya ba Moshoeshoe kyautar doki, wanda ake cewa shi ne dokinsa na farko. Sarkin bai tsaya sha'awar kyauta ba, ya gane cewa abin da ake cin mutanensa da shi ke nan. Daga nan Basotho suka dukufa tara dawaki, wasu ta ƙwace daga maharan, wasu ta musayar shanu da hatsi, wasu kuma samari ne ke zuwa ƙodago gonakin Turawa su dawo da goɗiya a matsayin lada.

Sai dutse ya yi nasa aikin. Dokin da ba ya jure sanyi ya mutu, wanda kofatonsa ba ya jure tsakuwa ya gurgunce, wanda sai an ba shi dusa da harawa a barga ya rame. Abin da ya rage shi ne gajeren doki mai faɗin ƙirji, wanda mu za mu ce ya ɗan ɗara ƙuru, mai taurin kofato, mai tafiyar sassarfa da ba ta jijjiga mahayi, mai bin bakin kwazazzabo ba tare da ya firgita ba.

A Disamba 1852 aka ga amfanin abin. Gwamnan Cape, Sir George Cathcart, ya iso da sojoji fiye da 2,000, ya ba Moshoeshoe kwana uku ya biya tarar shanu 10,000 da dawaki 1,000. Sarkin ya aika da shanu wajen 3,500, gwamna ya ce ba su isa ba. Ran 20 ga wata aka gwabza a tudun Berea, inda sojojin Ingila suka yi kiciɓis da mahaya da ake ƙiyasta sun kai 6,000. Ku lissafa: shekara 23 kacal daga doki ɗaya. Turawa suka ja da baya da gawarwaki. A daren nan Moshoeshoe ya aika wa Cathcart wasiƙa yana neman sulhu, da lafazin wanda aka ci da yaƙi, gwamnan kuma ya sami ƙofar fita ba tare da kunya ba, ya tattara ya tafi. Ni a duk tarihin nan babu wurin da ya fi burge ni kamar wannan wasiƙa. Mutum ya yi nasara da rana, da dare ya ba abokin gaba rigar da zai rufe tsiraicinsa, don kada ya dawo da runduna ninki goma.

Amma doki bai hana komai da komai ba. Turawan Boer na Orange Free State sun yaƙi Basotho a 1858, suka sake dawowa daga 1865 zuwa 1868. Thaba Bosiu bai ciwu ba, a can ma aka kashe kwamandansu Louw Wepener yana ƙoƙarin hawa, sai dai sun ƙone amfanin gona sun kwashe shanu har yunwa ta shiga. Dole Moshoeshoe ya nemi inuwar Ingila, aka ba shi a Maris 1868. Yarjejeniyar Aliwal North ta 1869 ta yanke wa Basotho gonakinsu masu albarka da ke yammacin kogin Caledon. Sarkin ya rasu a 1870.

A nan ne labarin hanyoyin ya fara. Da fili ya ƙuntata, mutane suka riƙa hawa cikin Maloti, wuraren da a da sai makiyaya ke leƙawa da bazara. Babu hanyar amalanke, ballantana titi. Duk abin da ya hau, daga buhun masara zuwa amarya, a bayan doki ko jaki ya hau.

Akwai wani abin tausayi da ba zan tsallake ba. Moorosi, wanda ya ba da dokin farko, doki ne ya yi sanadin ƙarshensa. Bayan an miƙa ƙasar ga gwamnatin Cape a 1871, aka ɗaure ɗansa Doda kan zargin hannu a satar dawaki. Mutanensa suka fasa kurkuku suka fitar da shi. Aka kewaye tsohon a kan dutsensa wata takwas, ran 20 ga Nuwamba 1879 aka hau aka kashe shi. Da a ƙagaggen labari na rubuta haka, na san a nan zauren wani zai ce na cika son haɗa ƙarshe da farko.

Shekara ta zagayo, gwamnatin Cape ƙarƙashin Gordon Sprigg ta ce kowa ya miƙa bindigarsa, bindigogin da akasari da gumin haƙar lu'ulu'u a Kimberley aka saye su. Lerotholi da Masopha suka ƙi, aka shiga Yaƙin Bindiga na 1880 zuwa 1881. Salon Basotho shi ne su ɓullo a sukwane daga bayan tudu, su yi ɓarna, su koma inda manyan dawakin Turawa ba sa iya bi. A Qalabane, cikin Oktoba 1880, sun kashe mahayan Cape fiye da 30 a kwanton ɓauna guda. Cape ta gaji, ta mayar wa Ingila ƙasar a 1884, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa da aka haɗa Tarayyar Afirka ta Kudu a 1910 ba a haɗiye Basotho a ciki ba. Na san wani zai tuna Sakkwato a Maris 1903, ya ce me ya sa namu barden bai yi haka ba. A yi adalci. Namu a fili fetal suka fuskanci bindigar Maxim, wadda a lokacin Yaƙin Bindiga ba a ma ƙera ta ba, kuma babu Maloti a bayansu. Garin Semonkong, wanda yau yake cikin manyan zangunan masu hawan doki, waɗanda wannan yaƙi ya raba da gidajensu ne suka kafa shi a shekarun 1880.

To, abin da yaƙi bai yi wa dokin ba, kasuwa ta yi masa. Da Ingila da Boer suka kaure da yaƙi daga 1899 zuwa 1902, kowa ya gane babu abin hawa kamar dokin Basotho. Masu saye suka cika ƙasar da kuɗi a hannu. Ana ƙiyasta dawakin da aka fitar sun kai 30,000, kuma mai sayen dokin yaƙi ba ya zaɓen gurgu. Mafi kyawun iri suka tafi, akasarinsu suka mutu a fagen daga. Ban ga laifin masu sayarwa ba sosai, domin a 1897 annobar bushiya ta share musu shanu, kuma mai iyali da garkensa ya ƙare ba ya tunanin irin da jikoki za su gada. Daga baya hukumar mulkin mallaka ta shigo da ingarmun Larabawa da na Ingila don gyara iri, aka sami dawaki masu tsayi da kyan gani, amma ba duka ke da juriyar iyayensu ba. Kiwo ma ya ƙaranta saboda tumaki da awaki sun yi yawa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ainihin irin ya kusa ɓacewa, har a 1952 gwamnatin Afirka ta Kudu ta tattara kaɗan a gonar Nooitgedacht don kada a rasa shi.

Duk da haka tsauni bai daina buƙatar doki ba. Ayarin alfadarai da dawaki ne ke sauko da ulu da gashin awaki daga Mokhotlong ta mashigar Sani zuwa Natal, su koma da gari da barguna, kuma mota ba ta hau wannan mashiga ba sai 1948. 'Yan sandan ƙasar, da aka kafa a 1872, har yau sunansu na hukuma 'yan sandan kan doki ne. Da aka sami 'yancin kai ran 4 ga Oktoba 1966, dawaki biyu aka sa suna riƙe da garkuwa a tambarin ƙasa.

Farfaɗowar ta zo daga inda ba a zata ba. A ƙarshen shekarun 1970 ƙasar Ayilan, wadda ita ma tana da nata gajeren dokin duwatsu mai suna Connemara, ta haɗa hannu da Lesotho aka kafa gonar kiwon iri a Thaba-Tseka. Sai aka lura cewa kiwo kaɗai ba zai riƙe kansa ba, sai dokin ya riƙa kawo kuɗi. A farkon shekarun 1980 aka buɗe cibiyar hawan baƙi a mashigar Molimo Nthuse, sunan da ke nufin Allah ka taimake ni, wanda ya ishe ka sanin irin hawan. Malealea kuwa kanti ne da wani Bature, Mervyn Smith, ya kafa a 1905, daga baya ya rikiɗe ya zama masauki. Tsarin da ake bi a can ya ba ni sha'awa: dawakin na mutanen ƙauye ne, suna da ƙungiyarsu, ana bin layi wajen ba da haya, jagora ya sami nasa, mai ɗakin da aka kwana ya sami nasa.

Ba na son in zana muku aljanna. Tun da aka gina madatsar Katse a shekarun 1990 kwalta ta shiga cikin duwatsu, kuma saurayin da ya sami motar haya ba lallai ya riƙe goɗiyar babansa ba. Ɓarayin dabbobi sun addabi makiyaya. Kuɗin baƙo kuma na lokaci ne, ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa, kamar yadda aka gani a 2020, doki yana nan yana neman ci. Sannan akwai ɗan ɗaci a ganin jikan mahayan Berea yana jan linzami wa jikan waɗanda kakansa ya kora. Amma nakan tuna cewa a wannan karon dokin yana dawowa gida da yamma, ba kamar na 1900 ba.

A Semonkong, kusa da inda ruwan Maletsunyane ke faɗowa daga tsayin mita 192, ana yin sukuwa a lokacin sanyi, mafi girma ita ce ta zagayowar ranar haihuwar Sarki Letsie na III a watan Yuli. Maza kan sauko daga ƙauyuka lulluɓe da barguna masu zane, wasu sun yi tafiyar yini a kan doki kafin su iso, a yi caca a kan wanda zai zo na ɗaya, yara ƙanana ne mahayan. Idan an tashi, kowa ya ɗaure ragowar kuɗinsa a bakin bargo, ya hau, ya kama hanyar dutse tun rana ba ta faɗi ba.