Birnin Zariya da kewayensa: Wuraren buɗe ido da yawon shan iska

Birnin Zariya, hedikwatar masarautar Zazzau kuma ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, yana kan babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, kimanin kilomita 80 arewa da Kaduna. Yawancin matafiya sun san Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, inda tashoshin mota da makarantu suke, amma ƙalilan ne ke karkata su shiga cikin ganuwa. A can ne tsohon garin yake. Kusan duk abin kallon da ke cikinsa da ƙasa aka gina shi, kuma ginin ƙasa ba ya jiran mai jinkirin ziyara, domin kowace damina tana tafiya da wani sashensa.

Ganuwa da ƙofofi

Ganuwar da ta kewaye birnin ta haura kilomita 14 a zagaye, kuma tana cikin jerin wuraren tarihi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ayyana. Tarihin baka yana danganta gina ganuwoyi a ƙasar Zazzau da Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku, wadda akasarin masana ke sanya zamaninta a ƙarni na 16. Shi ya sa har yau ake kiran tsofaffin katangun garuruwa da dama da sunan ganuwar Amina. Ƙofar Doka ce mashigar wanda ya fito daga Tudun Wada. Akwai kuma Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona da Ƙofar Bai da Ƙofar Galadima da Ƙofar Jatau da Ƙofar Kibo da Tukur-Tukur.

Mai son ganin ganuwar kada ya sa ran katanga doguwa a jere. A wasu wuraren tana nan da tsayinta, da alamar ramin da aka haƙa a bayanta don tare dawakin abokan gaba. A wasu ta koma tudun ƙasa da awaki ke hawa. A wasu kuwa gidaje sun hau kanta, ko masu ɗiban ƙasar gini sun cinye ta. Ƙofofin da aka sabunta da siminti sun fi kyan hoto, amma gutsattsarin katangar da ke gefensu su ne aikin magabata. Ba a zagaye ta duka a wuni ɗaya da ƙafa cikin jin daɗi. Abin da ya fi shi ne a zaɓi tsakanin ƙofa ɗaya da mai bi mata, a yi tafiyar da sassafe.

Fada da masallaci

Daga Ƙofar Doka hanya ta miƙe zuwa Babban Dodo, sannan fada, wadda ake kira Gidan Bakwa. Ƙofar fadar, da zanenta mai launuka, na daga cikin hotunan da aka fi sanin Zariya da su. Gidaje huɗu ne ke sarautar Zazzau tun bayan jihadi: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Malam Musa ne ya karɓo tuta, Sarki Makau kuma ya yi kudu da jama'arsa, inda daga bisani zuriyar gidan suka kafa Abuja ta asali, wato Suleja ta yau. Sarki mai ci, Ahmed Nuhu Bamalli na gidan Mallawa, ya hau gadon sarauta a watan Oktoban 2020, bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris wanda ya yi shekara 45 yana mulki. Fada gida ce da ake zaune a ciki kuma ake zaman fadanci, don haka baƙo yakan tsaya a fili na waje, sai da izinin dogarai yake wucewa ko ɗaukar hoto.

Daura da fadar ne wurin Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Masana gine-gine sun daɗe suna ɗaukarsa a matsayin ƙololuwar ginin Hausa. Da tubali da azara aka tayar da shi, aka ɗaure rufinsa da bakan gizo masu tashi daga ginshiƙai su haɗe a sama, aka kuma yi wa bango ado da zanen da aka fitar daga jikin yaɓe. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini na zamani, tsohon ya kasance a ciki. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na rufin ya rufta ana cikin sallar La'asar, mutane da dama suka rasu. Tun daga lokacin masarautar ta sa aikin sake gina shi a gaba.

Wanda ke son fahimtar irin wannan gini sai ya shiga lungunan Kwarbai da Juma da Iya da Limancin Kona da unguwar Babban Gwani, inda har yanzu ake cin karo da zaurukan da ke da zankwaye a kusurwa da indararo masu zubar da ruwan soro. Asirin daɗewar ginin ƙasa bai wuce gyaran shekara-shekara ba: a sabunta yaɓe, a shafe da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, a duba azara kafin gara ta cinye ta. Da aka koma kwano da bulo, magina masu wannan sani suka ragu, gidan da ya rasa mai gyara kuwa damina biyu ko uku ta ishe shi.

Rimaye da masu ɗinki

Hausawa na cewa rimi adon gari, kuma babu garin da maganar ta dace da shi kamar Zariya. Daga nesa kawunan rimaye ne ke fara shaida wa matafiyi ya iso birni, wasu unguwannin ma daga gare su suka samo suna, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Da yawa sun tsufa sun faɗi, wasu an sare su, kuma ba kasafai ake dasa madadinsu ba. A inuwar da ta rage da kuma bakin zauruka ake ganin masu ɗinkin hannu suna zuba aska biyu ko aska takwas a ƙirjin babbar riga, sana'ar da birnin ya yi suna da ita har 'yan kasuwa ke zuwa sari daga nesa. Riga ɗaya mai cikakken aiki takan ci makonni. Ɗan kasuwar da ya zo yawon buɗe ido zai iya haɗa shi da ciniki a kasuwar birni ko ta Amaru.

Duwatsu da ruwa

Ƙasar Zariya shimfiɗaɗɗiya ce, sama da mita 600 daga matakin teku, sai dai manyan duwatsu da suka ɓullo nan da can. Madarkaci yana jikin birni. Kufena kuwa, wanda ya fi su suna, yana yamma, kusa da Wusasa, kuma tarihi ya nuna mazaunin Zage-zagi ne tun kafin birnin yanzu ya zama cibiya. Akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa. Hawansa ba ya buƙatar igiya ko wani kayan aiki, takalmi mai kama dutse da gorar ruwa sun isa. Daga samansa ana hango birni da gonaki da Samaru. A damina dutsen yana da santsi, a tsakiyar hunturu kuma hazo yana rufe hangen, don haka Oktoba da Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke amma ƙasa na nan kore, su ne watannin da suka fi dacewa.

A gindin dutsen Wusasa take. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birni tun farkon ƙarni na 20, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. Tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da aka gina a 1929 da ƙasa aka yi ta, bisa tsarin maginan Hausa, bakan gizonta ɗan uwan na masallacin birni ne. A wannan gari Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Turunku, inda tarihin baka ya ce nan ne mazaunin Bakwa, tana kudu, a Ƙaramar Hukumar Igabi, cikin duwatsu. Tafiya ce ta wuni guda, kuma ganin yadda tsaro yake a ƙauyukan jihar, hankali shi ne a tuntuɓi mutanen wurin kafin a kama hanya, a je da ɗan gari, a dawo kafin la'asar sakaliya. Masu son bakin ruwa kuwa suna da madatsar Kubanni a harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka kafa a 1962, da fadamun kogin Galma inda noman rani ke mayar da bakin kogi kore a tsakiyar bazara. Wuraren kallo ne da shan iska, ba na iyo ba.

Lokacin hawa

Birnin ya fi cika a Ƙaramar Sallah da Babba, sa'ad da ake Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe. Hakimai kan shigo da dawakansu da 'yan lifida da masu kakaki da algaita, a yi jahi a ƙofar fada. Wanda ya makara ba ya samun wurin tsayawa, hanyoyin cikin birni kuma kan toshe tun da hantsi, saboda haka gara a ajiye mota a wajen ganuwa a shiga da Keke Napep ko da ƙafa. Masaukan baƙi akasari suna Sabon Gari da GRA da Samaru, kuma a kwanakin Sallah sai an kama ɗaki tun da wuri.