Daga Yamai zuwa Madina da Jidda: nisan hanya da awowin da ake yi a jirgi

Duk lokacin da maniyyata suka fara shirin tashi, tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa mana nan gidan rediyo: "Tsoho ya tashi tun jiya, har yanzu bai kira ba, lafiya kuwa?" To, ga lissafin, don hankali ya kwanta.

Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa Jidda, a miƙe, kusan kilomita 4,000 ne. Zuwa Madina kuwa wajen 4,100. Jirgin alhazai da ba ya yada zango ko'ina yakan yi awa biyar da rabi zuwa shida a sama. Amma miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Cadi da Sudan ta bi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, jirage na kauce wa samaniyarta, sai tafiyar ta ƙara tsawo. Masu zuwa Umra a jirgin kasuwa, waɗanda ake sauyawa jirgi a Addis Ababa ko Istanbul, su kam su sa ran wuni guda ko fiye, saboda jira.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu. In jirgi ya tashi Yamai ƙarfe 10 na dare ya yi awa shida, agogonmu na Filinge zai nuna 4 na asuba, na Madina kuma 6 na safe. 'Yan uwa na Kano da Legas, agogonku ɗaya da namu. Na Kumasi, Akara da Abijan, bambancinku da Makka awa uku ne. Mai shan maganin hawan jini ko na suga, a ƙirga masa awowin tun daga gida, kada sauyin agogo ya sa ya tsallake.

Kuma saukar jirgi ba ita ce isa masauki ba. Akwai layin duba fasfo, ɗaukar kaya, jiran mota, sannan neman layin waya. Wannan kaɗai na iya cin awowi. Wanda ya sauka Jidda zai wuce Makka kai tsaye, dole ya ɗaura harami kafin jirgi ya ƙetare mikati, don haka kada a kulle haramin cikin babbar jaka. Wanda ya fara da Madina sai a Zul Hulaifa, kuma daga can zuwa Makka sama da kilomita 400 ne.

Kada a manta da ɓangaren gida: Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ne ta Baleyara, kuma da halin tsaron da ake ciki, gara a kama hanya da safe, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi.

Kakanninmu na ƙasar Hausa da ƙafa da jakuna suke bin wannan hanya, ta Cadi, Darfur, har gaɓar Bahar Maliya su shiga jirgin ruwa. Wasu shekaru suke yi suna noma a hanya don samun guzuri, wasu ma can Sudan suka zauna, jikokinsu na nan har yau.