Yadda ake zaɓar girman famfon burtsatse a Gaya da Ajingi

Abu uku ne ke yanke girman famfon rijiyar burtsatse: yawan ruwan da ake buƙata, tsayin da za a tura shi zuwa tanki, da ƙarfin idon rijiyar. Ɗaga lita 10,000 tsayin mita 40 yana cin kusan yunit 1.1 na wuta. Idan famfon yana asarar rabin ƙarfinsa, yunit 2.2 ke nan.

Famfon da ya fi ƙarfin rijiya yakan kumbura kuɗin kwangila da na faifan sola, ya zuƙe ruwan, sannan ya ƙone. Saboda haka, kafin mutanen Gaya ko Ajingi su karɓi aikin mazaɓa, su nemi takardar gwajin jan ruwa daga ɗan kwangila ko hukumar RUWASA ta Kano.