Murya a Ɗaki, Fuska a Fili: Siyasar Dattawa da Matasa a Kafafen Sada Zumunta a Kano

Ra'ayin da ya yaɗu a majalisun Kano shi ne matasa ne suka ɓata zancen siyasa da wayoyinsu, dattawa kuma sun kame baki. Wannan maƙala na ganin ra'ayin bai tsaya da ƙafafunsa ba. Dattawa da matasa duk suna siyasa a waya. Abin da ya raba su shi ne inda kowa yake ajiye maganarsa, da kuma wanda hukunci yake faɗa wa idan magana ta yi zafi.

Zafin harshe a siyasar Kano ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun kafa NEPU a 1950, waƙa da zambo da habaici suke cikin makaman 'yan adawa, kuma kotunan En'e sun ɗaure magoya bayan Malam Aminu Kano da yawa a kan furucin baki. A Jamhuriya ta Biyu rikicin Santsi da Taɓo a cikin PRP ya raba abokai da 'yan'uwa. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka zo, musamman bayan buɗe Freedom Radio a 2003, sai sojojin baka suka sami fage: mutum ya shiga shirin siyasa ya wanke ubangidansa, ya yi wa abokin hamayya kaca-kaca. Yawancin waɗanda suka yi tashe a wancan fage yau furfura ta kama su.

Wannan tarbiyya ta rediyo ce dattijo ya shigo da ita waya. Ya fi sakewa da WhatsApp, cikin zauren dangi ko na masallacin unguwa ko na 'yan kasuwarsu. Ba kasafai yake rubutu ba; saƙon murya yake naɗa, ko ya tura wanda aka turo masa, sau da yawa da jan hankalin cewa a yaɗa don Allah. Amincin saƙon a wurinsa yana rataye ne da mutuncin wanda ya turo, ba da asalin labarin ba. Binciken da Cibiyar Dimokuraɗiyya da Cigaba ta Abuja ta yi tare da Jami'ar Birmingham a kan zaɓen 2019, a jihohin Kano da Oyo, ya nuna cewa abin da ke yawo a WhatsApp ba ya tsayawa a can, yana isa har ga waɗanda ba su da babbar waya. A shekarar ce kuma kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, don rage gudun jita-jita.

Matashi kuwa a fili yake magana, a Facebook da X da TikTok, da sunansa da fuskarsa, wani lokaci har da jar hula ko hoton gwaninsa. Abin da ya faɗa yana nan ajiye, kowa na iya ɗaukar hotonsa ya kai wa hukuma.

A nan ne rashin daidaiton yake. Ranar 2 ga Agusta 2019 aka ɗauke Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'a kuma fitaccen mai sukar gwamnati a kafafen sada zumunta, daga gidansa a Kaduna, kuma shekaru suka shuɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara da sharar harabar kotu, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan Gwamna Abdullahi Ganduje. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, sai a 2024 aka yi masa gyara. Saƙon murya mai cike da ƙazafi da ya zaga zaure ɗari ba a cika sanin wanda ya fara naɗa shi ba, balle a tuhume shi.

Za a ce ai matasan ma ba su da gaskiya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Zagin iyaye da cin zarafin malamai da ake gani a shafuka abin takaici ne, babu mai hankalin da zai kare shi. Sai dai a tambaya: wa yake saya wa 'yan data datar? Ɗan siyasar da ke tura kuɗin kati ga yaro mara aiki don ya zagi sa'an mahaifinsa ba matashi ba ne.

Cewa haɗari ne ke tsara ɗabi'a, ba shekaru kaɗai ba, ana iya gane shi daga halin ɗan ci-rani a Sabha ta kudancin Libiya, garin da ke hannun dakarun Khalifa Haftar tun farkon 2019, a ƙasar da ta kafa tata dokar laifukan intanet a 2022. Baƙon da ba shi da takardu a can, tsoho ne ko yaro, ba shi da ribar tsoma baki a siyasar masu gida, ko da kuwa bakinsa bai mutu ba a kan zaɓen Kano ko juyin mulkin Yamai na 2023.

Masu nazarin sadarwa a Jami'ar Bayero da takwarorinsu sun fi samun sauƙin ƙirga abin da aka wallafa a fili, shi ya sa matasa ke cika bincikensu. Ya kamata su shiga zaurukan dattawa da izinin masu su, su saurari saƙonnin murya, kafin a ci gaba da ɗora wa tsara ɗaya laifin da tsara biyu suka yi tarayya a kansa.