Tarihin Malama Kalara, wadda ta bar alli ta kama jinya

Yau za mu ba ku tarihin wata mace ta ƙasar Amurka, sunanta Kalara Barton. Ta canza sana'a har sau biyu kafin ta zama mai jinya.

An haife ta a shekarar 1821. Tun tana yarinya wanta ya faɗo daga saman rufi, ta yi shekara 2 tana jinyarsa. Da ta girma sai ta zama malamar makaranta. A 1852 ta buɗe makarantar kyauta a garin Bodantawun. Yara suka ƙaru har wajen 600. Sai manyan gari suka ɗora namiji a kanta, albashinsa kuma ya fi nata. Abin ya ɓata mata rai, ta ajiye alli. A 1854 ta tafi Washinton, babban birnin ƙasar, ta kama aikin rubutu a biron gwamnati.

A 1861 yaƙin basasa ya tashi tsakanin arewa da kudu na Amurka. Kalara tana da kusan shekara 40. Ta ga sojoji masu rauni ba magani, ba tufa. Ta shiga tara kaya wurin jama'a. A 1862 ta samu izinin kai su bakin daga.

To, ku ji yadda aikin yake. Ran 17 ga Satumba 1862 aka yi babban faɗa a Antitam. Ta tarar likitoci suna ɗaure rauni da ɓawon masara, don tsumma ya ƙare. Ta ba su nata. Dare ya yi, ta fito da fitilun da ta kawo, aiki ya ci gaba. Tana ba wani soja ruwa, harsashi ya huda hannun rigarta, ya kashe shi. Bayan wannan ita ma zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita.

Kun ga jinya ba farar riga kaɗai ba ce. Akwai jini da wari. Akwai rashin barci da ƙarancin kayan aiki. Wani lokaci kana riƙe da mutum ya cika.

Amma tsohuwar sana'arta ba ta ɓace ba. A 1865 yaƙi ya ƙare, iyaye suna neman ƴaƴansu. Kalara ta buɗe biro, ta koma ga alƙalami. Ita da mataimakanta suka amsa wasiƙu fiye da dubu 60, suka gano labarin sojoji wajen dubu 22 da suka ɓata. A 1881 ta kafa ƙungiyar Kurwa Ruj ta Amurka, irin wadda muke da ita a nan Nijar. Ta rasu a 1912, tana da shekara 90.

A zamaninta mutum yakan koyi jinya a bakin aiki. Yanzu sai an shiga makarantar kiwon lafiya an ci jarrabawa. Ko a ƙauye, ungozoma da mai akwatin magani suna bukatar karanta sunan magani, su rubuta haihuwa a littafi.

Don haka manomi, ɗan kasuwa, uwargida, kada ku ce lokaci ya wuce. Ku riƙe karatu da kyau. Wanda kuma yake son aikin jinya, ya fara auna haƙurinsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.