Tuhumar Riƙe Kayan Maye da Neman Kariyar Lauya a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Kudancin Jihar Katsina, wato ƙasar da ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Bakori da Ƙafur zuwa Malumfashi, ta daɗe tana janyo baƙi saboda albarkar nomanta, musamman tun daga ƙarshen shekarun 1920 lokacin da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa, aka kuma kafa injinan gurzar auduga a yankin. Wannan taruwa ta 'yan ƙwadago da 'yan cin rani da direbobi da masu dako ita ce ta samar da kasuwa ga abubuwan da ake sha domin jure wahalar aiki, kuma daga cikin waɗannan mutane ne akasarin waɗanda hukuma ke kamawa da ƙullin wiwi ko 'yan ƙwayoyi a aljihu suke fitowa. Tarihin shari'ar irin waɗannan mutane yana nuna cewa tsananin hukunci ya riƙa ƙaruwa da sauri fiye da hanyoyin da talaka zai bi ya kare kansa, har ta kai abin da jama'a ke ɗauka ƙaramin laifi ya zama babba a rubuce.

A zamanin En'e, wato mulkin gargajiya da Turawa suka tsara a ƙarƙashin Sarkin Katsina, Funtuwa tana hannun Sarkin Maska, Malumfashi kuma tana hannun Galadima, kuma 'yan doka ne ke kai mai laifi gaban alƙali. Abubuwan mayen da aka fi sani a farkon zamanin su ne giyar gargajiya da zaƙami, kuma Dokar Magunguna Masu Haɗari ta 1935, wadda Turawa suka kafa domin cika alkawuran ƙasa da ƙasa, ta fi shafar tashoshin jiragen ruwa da ɗakunan magani fiye da ƙauyukan auduga. Wanda aka gurfanar gaban alƙali shi ne ke magana da bakinsa, cikin harshensa, a garin da aka san iyayensa, kuma mai unguwa ko dagaci ko wani dattijo na iya tsaya masa. Sai dai dokokin kotunan gargajiya sun hana lauyoyi bayyana a waɗannan kotuna, hanin da ya ci gaba ko bayan da gwamnatin soja ta karɓe su daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960 ta mayar da su kotunan yanki.

Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, bai bi tsarin kundin Kudu ba wajen kasa laifuffuka zuwa manya da matsakaita da ƙanana, domin kowane laifi a cikinsa yana tafe da nasa hukuncin. Tabar wiwi, wadda ake danganta yaɗuwarta da dawowar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce ta fara samun doka ta musamman, lokacin da gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa dokar soja mai lamba 19 a 1966, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, da ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga mai sha ko mai riƙe ta. An sassauta wannan doka a 1975, inda hukuncin mai sha ya sauko zuwa 'yan watanni ko tara, kuma wannan ɗan tsakani shi ne lokacin da dokar tarayya ta fi kusa da ɗaukar riƙe wiwi a matsayin ƙaramin laifi.

A daidai wannan lokaci ne aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya kawo taki da hanyoyin karkara da ƙarin buƙatar 'yan ƙwadago, yayin da ƙwayoyin hana barci da gajiya, irin waɗanda aka yi wa laƙabi da a-ji-garau, suka samu shiga tsakanin masu aikin ƙarfi da direbobi a Arewa. Ta fuskar kariya kuwa, an kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a a 1976 domin samar da lauya kyauta ga marasa hali, amma da farko aikinta ya taƙaita ga manyan laifuffuka kamar kisan kai, saboda haka mai ƙullin wiwi bai amfana da ita ba. Tsarin Mulki na 1979 ne ya ba kotuna hujjar yanke cewa hana lauya shiga kotun yanki ya saɓa wa 'yancin wanda ake tuhuma na zaɓen mai kare shi, abin da ke nufin cewa lauya ya iso kotun talaka a ƙurarren lokaci.

Ba a daɗe da samun wannan dama ba sai gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa dokar soja mai lamba 20 a 1984, wadda ta tanadi kisa ga masu safarar hodar iblis, ta kuma miƙa shari'arsu ga kotunan musamman, har aka harbe mutum uku a Legas a watan Afrilu na 1985. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke hukuncin kisan, sannan a 1989, shekara biyu bayan ƙirƙiro Jihar Katsina, ta kafa hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da doka mai lamba 48. Wannan doka, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya riƙe haramtacciyar ƙwaya da saninsa ba tare da izini ba, ba ta kuma ware mai 'yar kaɗan ta shan kansa daga mai buhu ba, ko da yake a aikace alƙalai sun sha yanke hukuncin da bai kai haka ba ga wanda ya amsa laifi a karon farko.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, an rushe kotunan musamman aka mayar da shari'un ƙwaya ga Babbar Kotun Tarayya, wadda mazauninta a jihar yake birnin Katsina, kimanin kilomita 200 daga Funtuwa. Ga iyalin manomi, wannan nisa yana nufin kuɗin mota a kowane zama, da neman mai tsayawa beli wanda kotu za ta yarda da takardunsa, da sauraron shari'a cikin Turanci ta bakin tafinta, kuma sau da yawa hatsin da aka ajiye ko dabbar da aka yi kiwo su ne ke biyan lauya. Tun daga shekarar 2000 kuma, kotunan Shari'ar Musulunci na jihar suna hukunta shan abin maye a ƙarƙashin dokar jiha, ta yadda makomar mutum kan dogara da hukumar da ta kama shi da kuma sashen dokar da aka rubuta a takardar tuhuma.

Kariyar da lauya ke bayarwa a irin wannan shari'a ta ginu ne a kan abubuwan da wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar, wato cewa abin da aka kama haramtacce ne bisa shaidar ɗakin gwaji, cewa a hannun wanda ake tuhuma aka same shi kuma da saninsa, da cewa abin da aka auna aka rufe a gabansa shi ne aka kawo kotu. Tsarin Mulki na 1999 ya ba shi ikon yin shiru har sai ya ga lauya, ya wajabta kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, ya kuma ba shi tafinta kyauta. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta ƙara tanadin ɗaukar jawabi a gaban lauya da damar sasantawa a kan tuhuma. Muhimmancin waɗannan tanade-tanade shi ne cewa shari'u da dama ana gama su ne tun a ofishin hukumar da ta yi kamun, a lokacin da mutum ya dangwala yatsa a kan jawabin amsa laifi da aka rubuta cikin harshen da ba ya karantawa.

Binciken ƙasa na 2018, wanda Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuffuka ya tallafa, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, yayin da tiramadol ya zama ƙwayar masu noma da 'yan acaɓa. Babu kotun da za ta iya ɗaukar wannan adadi, kuma Dokar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, wadda ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, alama ce ta cewa hukuma ta fara fahimtar haka. Amma muddin dokar 1989 ba ta bambanta mai sha da mai fatauci ba, kuma lauyan agaji bai isa ofishin da ake ɗaukar jawabi a Funtuwa ko Malumfashi ba, 'yancin da aka rubuta tun 1979 zai ci gaba da amfanar wanda ke da abin sayarwa ya ɗauki lauya, ya bar ɗan ƙwadagon da ya fi kowa yawa a cikin waɗanda ake kamawa.